Ci-ranin ƙwallon ƙafa: 'Yan wasan Arewa da ke barin manyan gasanni zuwa wasu ƙasashe

Ci-ranin ƙwallon ƙafa shi ne ɗan wasan da ya riƙi ƙwallo sana'a ya bar gasar da yake bugawa, sau da yawa babbar gasa mai suna, ya ƙulla yarjejeniya da wata ƙungiya a wata ƙasa, ya tare can da zama har tsawon wa'adin da aka rubuta. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, tana da dokoki masu yawa a kan irin wannan sauya sheƙa. Amma mutumin Kafin Hausa ko Auyo ko Haɗeja ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane abin, domin ya san ci-rani tun kaka da kakanni: idan an kawar da amfanin gona, samarin da ba su da fadamar noman rani su ɗaure kaya su nufi Kano ko Legas ko Fatakwal, su yi 'yan watanni suna nema, su komo kafin ruwan shuka. Sai dai manomi yana da wani ranin baɗi. Ɗan ƙwallo kuwa rani ɗaya gare shi, shekara goma zuwa goma sha biyar, idan gwiwa ta yi masa haƙuri.

A gidajen kallon ƙwallo na garuruwan masarautar Haɗeja, kamar na sauran Arewa, hukuncin ɗan wasan da ya bar Ingila ya koma Saudiyya ko Sin ko Turkiyya ba ya ɗaukar lokaci. Ko a ce ya ƙare, ko a ce kwaɗayi ya ja shi. Tarihin waɗanda suka taso daga Kaduna da Kano da Jos da Sakkwato ya nuna cewa lamarin ya fi haka faɗi. Akwai wanda barin babbar gasa ya ceci sana'arsa, akwai wanda ya binne ta, kuma abin da ke raba su galibi lissafi ne: shekarun da suka rage, damar buga wasa, abin da ke saura a hannu bayan haraji, da kuma ko wanda ya yi alkawarin biya zai biya.

Ƙofofi biyu

Fitar iri biyu ce, ko da yake a baki akan haɗa su. Ta farko ita ce ta ɗan wasan da ke barin gasar Firimiya ta Najeriya mai ƙungiyoyi 20, wadda ita ce ƙololuwa a gida. Ga irin wannan, kusan kowace ƙasa ci gaba ce ta fuskar aljihu, tun ba ma daga watan Yunin 2023 ba, sa'ad da gwamnati ta saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala ɗaya da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a cikin 2024, don haka albashin da a da ba ya tayar da hankalin kowa a Tanzaniya ko Iraƙi ko Libiya ya zama abin sha'awa. Tun kafin nan ma ya kusa zama al'ada cewa wanda ya fi kowa zura ƙwallo a kaka ba ya daɗewa a gida. Junior Lokosa ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 19 a 2018, farkon 2019 yana Espérance ta Tunisiya.

Ƙofa ta biyu ita ce ta wanda ya riga ya kai manyan gasannin Turai, wato na Ingila da Sifaniya da Italiya da Jamus da Faransa, ko wata babbar ƙungiya a Holan ko Fotugal, sannan ya juya ya nufi gasar da ba ta kai su suna ba. Wannan ce ke jawo gardama, domin mai kallo yana ganin saukowa ce daga tudu.

'Yan Kaduna da suka share hanya

Marigayi Stephen Keshi ake jingina wa buɗe hanyar, domin shi ya bi ta Kodebuwa ya isa Beljiyam a 1986, wasu suka bi sawunsa. Amma daga Arewa, Kaduna ce ta fi ba da matafiyan farko. Marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna wanda ya fara da ƙungiyar masaƙar UNTL, ya buga wa Africa Sports ta Abijan, kana ya koma Vitória de Setúbal ta Fotugal a 1990. Ya zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka na 1993, ya kuma fi kowa cin ƙwallo a gasar Fotugal ta 1993/94 da ƙwallo 21. Bayan nan sai yawo: Girka, Sifaniya, Suwizalan, Tunisiya, Saudiyya, har ya komo gida ya ƙarasa da Julius Berger da Gateway yana da shekara sama da arba'in.

Daniel Amokachi shi ne misali na farko a sarari na ɗan Arewa da ya bar gasar Firimiya ta Ingila da ƙuruciyarsa. Daga Ranchers Bees ta Kaduna ya tafi Club Brugge ta Beljiyam a 1990, Everton ta saye shi a 1994, ya ci ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA da Tottenham a 1995, suka kuma ɗauki kofin. Duk da haka bai samu gurbi tabbatacce ba, sai ya koma Beşiktaş ta birnin Santambul a 1996 yana da shekara 23. A can ya zama ɗan lele, ya ɗauki Kofin Turkiyya a 1998. Ciwon gwiwa ne ya katse shi tun bai kai shekara talatin ba, kuma da ya tsaya jiran gurbi a Ingila, da wataƙila ciwon ya riske shi a benci.

Tijjani Babangida ya bi wata hanyar. Ya bar Niger Tornadoes zuwa Roda JC ta Holan a 1991, Ajax ta ɗauke shi a 1996, shekarar da ya ci zinare da tawagar Najeriya a wasannin Olamfik na Atlanta, ya kuma ɗauki kofin gasar Holan da kofin ƙalubale a kakar 1997/98. Da tauraronsa ya fara dusashewa a Ajax, sai aka riƙa ba da shi aro: Gençlerbirliği ta Turkiyya, Vitesse, sannan Al-Ittihad ta Jidda. Ya rufe da Changchun Yatai ta ƙasar Sin a 2003, zamanin da babu wanda ke kallon Sin a matsayin ƙasar ƙwallo. Abokin tafiyarsa Garba Lawal ya shafe shekara shida a Roda, daga nan ya ratsa Bulgeriya da Suwidin da Fotugal da Girka da Sin kafin ya dawo gida. Taswirar da waɗannan huɗun suka zana, wato Turai da farko, Turkiyya ko ƙasashen Larabawa ko Sin a tsakiya, gida a ƙarshe, ita ce ake bi har yau.

Tafiyar Ahmed Musa

Babu wanda labarinsa ya tattara dukan matakan nan kamar Ahmed Musa. An haife shi a Jos ranar 14 ga Oktoba, 1992, amma Kano ce ta fito da shi. A kakar 2009/10 ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a kaka guda a gasar kafin lokacin. VVV-Venlo ta Holan ta saye shi a 2010, sai dai tilas ya jira ya cika shekara 18 a watan Oktoba kafin a ba shi izinin buga mata wasa. A Janairun 2012 ya koma CSKA ta birnin Mosko, inda ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku, a 2013 da 2014 da 2016. A tsakanin nan ya ci Kofin Afirka na 2013, ya kuma zura wa Ajantina ƙwallo biyu a Gasar Kofin Duniya ta 2014.

A Yulin 2016 Leicester City, wadda ta ɗauki kofin Firimiya a shekarar, ta saye shi a kan fam miliyan 16.6, kuɗin da ba ta taɓa biya a kan ɗan wasa ba sai a kansa. Farawar ta yi armashi, domin ya ci Barcelona ƙwallo biyu a wasan share fage a watan Agusta. Amma kakar ba ta yi masa daɗi ba: wasa 21 a gasar, yawancinsu daga benci, ƙwallo biyu. An sallami Claudio Ranieri, kocin da ya kawo shi, a Fabrairun 2017, kuma a rabin farko na kaka ta gaba bai taka leda ko sau ɗaya ba a gasar Firimiya. Ga Gasar Kofin Duniya tana ƙaratowa. A Janairun 2018 ya karɓi aro ya koma CSKA, ya dawo da ƙarfinsa, kuma ranar 22 ga Yuni a birnin Volgograd ya ci Iceland ƙwallo biyun da suka ba Najeriya nasararta ɗaya tak a gasar. Da ya zauna a Leicester don kare sunan cewa yana Ingila, da wuya ya buga wannan wasa.

Abin da ya biyo baya ne ya raba kan masu kallo. A watan Agusta ya sanya hannu da Al-Nassr ta birnin Riyad yana da shekara 25, shekarun da ɗan wasan gaba ke kan ganiyarsa. Wannan kuwa fiye da shekara huɗu ne kafin Cristiano Ronaldo ya isa ƙungiyar, lokacin da zuwa Saudiyya bai zama abin yayi ba. Ya ɗauki kofin gasar Saudiyya a kakarsa ta farko, 2018/19, ya rabu da ƙungiyar a Oktoban 2020, sannan ya yi wata shida ba shi da ƙungiya. Nan ne tsadar zaɓin ta bayyana: ƙofar komawa manyan gasannin Turai ba ta sake buɗe masa ba. A Afrilun 2021 ya dawo Kano Pillars na ɗan lokaci, daga nan ya tafi Turkiyya, Fatih Karagümrük da farko sannan Sivasspor. A Oktoban 2024 ya sake komawa Pillars, ya ci Sunshine Stars ƙwallo biyu a wasansa na farko, kuma a Yulin 2025 gwamnatin Jihar Kano ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar.

Ana iya cewa ya yi gaggawar barin Turai, kuma masu faɗin haka suna da hujja. Amma tun a 2017, yana Leicester, ya buɗe cibiyar wasanni da motsa jiki a Hotoro da gidan mai a Kano, daga baya ya ƙara wata cibiyar a Kaduna da makaranta a Bukur. Wanda ke zuba jari haka tun yana shekara 24 ya san ranin gajere ne. Matsayinsa a Super Eagles ma bai girgiza ba: ya zama kyaftin, ya kuma buga mata wasa fiye da 100.

Lissafin kuɗi

Abin da jaridu ke bugawa a matsayin albashi ba shi ne ke shiga aljihu ba. A Birtaniya, mai samun irin kuɗin 'yan wasan Firimiya yana biyan harajin kashi 45 cikin 100 a kan mafi yawan albashinsa. A Rasha, zamanin da Musa yake can, kashi 13 ne. A Saudiyya kuwa babu haraji a kan albashi. Saboda haka albashi iri ɗaya a takarda yana iya kusan ninkawa a hannu idan aka sauya ƙasa, balle kuma a ce sabuwar ƙungiyar ta ƙara a kai.

Sin ce ta fara nuna ƙarfin wannan lissafi. A Janairun 2017 John Obi Mikel, haifaffen Jos, ya bar Chelsea bayan fiye da shekara goma ya koma Tianjin TEDA, a watan kuma Odion Ighalo ya bar Watford zuwa Changchun Yatai, tsohuwar ƙungiyar Babangida, a kan kimanin fam miliyan 20. An ce Ighalo ya ƙare. Sai ga shi ya fi kowa cin ƙwallo a Kofin Afirka na 2019 da ƙwallo biyar yana ɗan wasan Sin, Manchester United kuma ta ɗauke shi aro a 2020.

Saudiyya ta gaji kasuwar. Ronaldo ya shiga Al-Nassr a ƙarshen Disamban 2022. A Yunin 2023 asusun zuba jari na gwamnatin ƙasar ya karɓi kashi 75 cikin 100 na Al-Hilal da Al-Nassr da Al-Ittihad da Al-Ahli, kuma a bazarar nan ƙungiyoyin Saudiyya suka kashe fiye da dala miliyan 900 wajen cinikin 'yan wasa. Karim Benzema da N'Golo Kanté da Sadio Mané da Riyad Mahrez da Kalidou Koulibaly duk suka tafi cikin 'yan makonni. Abin da aka yi wa Musa gori a kansa a 2018 ya zama hanyar manya.

Zaman baƙunta

Minti casa'in ne wasan, sauran mako kuwa zama ne a garin mutane. Yaron da ya saba da zafin Afrilu na ƙasar Haɗeja, inda ma'auni ke haura 40, idan ya sauka Mosko a watan Janairu zai tarar da sanyin da ya yi ƙasa da sifili, har gasar Rasha kan tafi hutu daga Disamba zuwa kusan Maris saboda ƙanƙara. Ga harshe, ga abinci, ga kaɗaicin ɗaki bayan atisaye ga wanda ya tashi a gidan yawa. Idan azumi ya faɗo a watan Yuni, kamar yadda ya yi daga 2015 zuwa 2017, mai azumi a arewacin Turai yakan haura awa 18 bai sha ruwa ba. Sannan ga wariyar launin fata. A Oktoban 2013 magoya bayan CSKA suka yi wa Yaya Touré na Manchester City ihun cin mutunci, har hukumar ƙwallon Turai ta rufe wani sashe na filinsu. Ahmed Musa da Seydou Doumbia na Kodebuwa 'yan wasan CSKA ne a lokacin, ƙwallayensu waɗannan magoya bayan ke tafa wa.

Ta wannan fuska Saudiyya tana da abin da kuɗi kaɗai ba ya bayyanawa, musamman ga Musulmin Arewa. Ana jin kiran salla, ana mayar da wasanni dare a watan Ramadan, Umara tafiyar 'yan sa'o'i ce, jirgi kuma yana tashi daga Jidda zuwa Kano. Bahaushe ma ba baƙo ba ne a can. Jikokin mahajjatan da suka zauna a Makka da Madina da Jidda tun zamanin tafiyar ƙasa suna ɗauke da laƙabin Hawsawi, kuma uku daga cikinsu, Osama da Omar da Motaz, suna cikin tawagar Saudiyya a Gasar Kofin Duniya ta 2018, Osama ne ma kyaftin. Da Musa ya isa Al-Nassr ya tarar da Omar Hawsawi yana tsaron bayanta. Ba kowa ne ke jin daɗin zaman ba, ko da yake. Jordan Henderson na Ingila wata shida kawai ya yi a Al-Ettifaq ya tattara ya koma Ajax a Janairun 2024.

Inda lissafin ke ɓaci

Alkawari daban, biya daban. Binciken da ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasa ta duniya, FIFPRO, ta fitar a 2016 bayan jin ta bakin 'yan wasa kusan 14,000 ya nuna cewa kashi 41 cikin 100 sun fuskanci jinkirin albashi, kashi 45 kuma ba sa samun dala 1,000 a wata. A Yulin 2022 ƙungiyar ta gargaɗi 'yan wasa game da yawan saɓa yarjejeniya a Aljeriya da Sin da Libiya da Romaniya da Saudiyya da Turkiyya da gasar rukuni na biyu ta Girka. Duk wanda ya dubi jerin zai ga yawancinsu wuraren da 'yan Najeriya suka fi zuwa ne. Dokar FIFA ta ba ɗan wasa damar soke kwantiragi idan an riƙe masa albashin wata biyu, bayan ya ba ƙungiya wa'adin kwana 15 a rubuce, amma bin kadin kuɗin yana buƙatar lauya da haƙuri.

Kasuwar ma takan watse ba shiri. Tun daga Yunin 2017 hukumomin Sin suka sanya harajin kashi 100 cikin 100 a kan sayen 'yan wasan waje masu tsada, daga baya suka ƙayyade albashi. Jiangsu ta ɗauki kofin gasar a Nuwamban 2020, a Fabrairun 2021 masu ita suka rufe ta. Mikel ya rabu da Trabzonspor a Maris ɗin 2020 bayan ya nuna rashin amincewa da ci gaba da wasa a cikin annobar korona. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a 2022, sai da FIFA ta ba 'yan wasan waje na ƙasashen biyu izinin jingine kwantiraginsu su nemi wani wuri.

Ba ƙwallon ƙafa kaɗai ke da wannan tarihi ba. A wasan ƙwallon gora na kan ƙanƙara, babbar gasar duniya ita ce NHL ta Amurka da Kanada. Da rikicin albashi ya sa aka soke kakarta ta 2004/05 ɗungurungum, 'yan wasanta fiye da 350 suka bazu a ƙungiyoyin Turai. A 2008 Rasha ta kafa tata gasar, KHL, da kuɗin kamfanonin mai da gas, ta janye Jaromír Jágr daga New York Rangers zuwa Omsk da ke Saberiya. A 2013 Ilya Kovalchuk ya bar dala miliyan 77 da suka rage a kwantiraginsa da New Jersey ya koma Rasha. Jágr ya ƙare a Kladno, garinsu a Jamhuriyar Cek, yana buga wa ƙungiyar da ta raine shi wasa yana kuma tafiyar da ita, kusan irin matsayin da Musa ya samu kansa a Kano.

Hanyar masu yawa

Waɗanda aka ambata zuwa yanzu su ne 'yan tsirarun da suka kai tudu. Mafi yawan masu fita ba sa ganin manyan gasannin sai a talabijin, amma wasunsu sun gina rayuwa. Shehu Abdullahi na Sakkwato ya bar Kano Pillars a 2014 zuwa Qadsia ta Kuwaiti, daga nan Fotugal, Saifurus, Turkiyya, ya sake komawa Saifurus inda ya ɗauki kofin gasa da Omonia a 2021, sannan Bulgeriya, kafin ya dawo Pillars. Bai taɓa buga ɗaya daga cikin manyan gasanni biyar ba, amma ya ci tagulla a Olamfik na 2016, ya je Gasar Kofin Duniya ta 2018. Zaidu Sanusi na Jega ya fara daga rukuni na uku a Fotugal, a Mirandela, ya hau zuwa Santa Clara sannan Porto a 2020, kuma ƙwallonsa ce a ragar Benfica ranar 7 ga Mayu, 2022 ta tabbatar wa Porto kofin shekarar. Sani Kaita na Kano ya ɗanɗana ɗaya gefen: Monaco ta Faransa ta saye shi a 2008, amma ta yi ta ba da shi aro ga ƙungiyoyin Rasha da wasu wurare. Akwai kuma wanda ya zauna, kamar Rabi'u Ali da ake kira Pele, wanda ya shafe fiye da shekara goma a Pillars yana wasa har bayan ya haura arba'in.

Ga yaron da ke taka leda a filin makaranta a Kafin Hausa ko Bulangu, matakin farko ma da nisa. Babbar ƙungiyar jihar, Jigawa Golden Stars, ta faɗo daga gasar Firimiya a 2021, masu farautar 'yan wasa kuwa sun fi zama a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. A irin wannan giɓi ne dillalan bogi ke shiga da takardar gayyatar gwaji, su nemi kuɗin biza da na jirgi, iyaye su sayar da shanu ko su jinginar da gona, yaro ya ƙare a wata ƙasa ba ƙungiya ba kuɗin komowa. Dokokin FIFA sun isa ma'auni a nan. An haramta kai ɗan wasan da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa, in ban da 'yan togaciya, kamar idan iyayensa ne suka ƙaura bisa dalilin da bai shafi ƙwallo ba. An hukunta Barcelona a 2014 da Chelsea a 2019 saboda karya wannan doka, don haka duk mai cewa zai kai ɗan shekara 16 daga Jigawa wata ƙungiyar Turai ya sanya hannu, maganarsa ta saɓa wa doka tun daga tushe. Tun Oktoban 2010 kowace sauya sheƙa tsakanin ƙasashe tilas ta bi ta rajistar FIFA ta intanet, kuma daga 2023 sai wanda ya mallaki lasisin FIFA ne ke da izinin wakiltar ɗan wasa a irin wannan ciniki.

Akwai wani tanadi da ƙananan ƙungiyoyin Arewa ba su cika cin moriyarsa ba. Duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da rubu'in kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin cinikin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma rabin kashi ɗaya. A cinikin fam miliyan 16.6, kason duka ya kama fam 830,000, ƙungiyar da ta riƙe yaron shekara ɗaya yana ɗan 17 kuma tana da fam 83,000. Wannan ya isa ya riƙe ƙungiyar gari irin na Kafin Hausa shekaru masu yawa. Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance da rajista a hukumar ƙwallon ƙafa, yaron kuma an yi masa rajista da sunanta a shekarun da ya yi a hannunta. Tun Nuwamban 2022 wani ofishi da FIFA ta buɗe a birnin Paris ne ke raba kuɗin, bisa takardar tarihin ɗan wasa da ke cikin kwamfuta, kuma ƙungiyar da sunanta bai shiga wannan takarda ba, ko da ita ta saya wa yaron takalminsa na farko, ba ta fitowa a rabon.